Me zan ɗaura a bakin PCC ɗina, burki ko gwangwani ko in bar shi haka?

Nura Sabon Hannu:
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Na samu PCC ɗina na farko, doguwar bindigar nan mai cin harsashin fistol, tawa 9mm ce baril inci 16, bakin yana da tiredi, wato zanen da ake murɗa abu a kai, 1/2x28 amma ba komai a kai sai ɗan murfin nan da ke kare tiredin. Takardu duk sun kammala, filin harbi kawai nake zuwa da ita kuma yawanci na cikin gini ne, sannan ina sha'awar in fara shiga gasa nan gaba kaɗan. Abinda ke damuna duk harbi ɗaya sai ɗigon jan nan na saiti ya yi tsalle ya dawo, ni kuwa na zaci tunda harsashin fistol ne a jikin bindiga mai nauyi zata zauna daram. Na ga mutane suna ɗaura abubuwa kala kala a baki, wani burki wani kwamfensata wani kamar gwangwani, kaina ya ɗaure. Ina ma da wani burki da na cire daga bindigata mai cin harsashin .223, ɗazu na murɗa shi ya hau cif kamar don ita aka yi shi, gobe in sha Allah zan je in gwada in gani

Baba Makeri:
Wa'alaikumussalam. Nura KADA ka harba bindigar nan da wannan ƙarfen. Tashi yanzu yanzu ka kwance shi, ka dawo mu yi magana.

Nura Sabon Hannu:
Subhanallah, Baba lafiya? ai ya hau daidai, ko girgiɗi baya yi

Baba Makeri:
Hawan da ya yi shi ne tarkon. Tiredi ɗaya ne, 1/2x28 na .223 da 1/2x28 na 9mm ba su da bambanci ko kaɗan, amma ramin da harsashi zai bi ba ɗaya ba ne. Kan harsashin .223 faɗinsa inci 0.224 ne, wajen milimita 5.7, na 9mm kuma inci 0.355 ne, milimita 9 da ɗan ɗoriya. Burkinka an huda shi ne don ƙaramin ya wuce da ɗan sarari kaɗan. Ka tura masa babban kaga ba inda zai bi, ko dai ya fasa ƙarfen ya watsa ɓaraguzai ko ya tsige shi da tiredin gaba ɗaya, kuma kai da na kusa da kai kuna tsaye a wurin. An taɓa kawo mini wata da aka yi wa haka, bakin baril ɗin ya buɗe kamar fure, mai ita Allah ne ya tsare masa ido don yana sanye da gilashi. Dalilin da ya sa kenan tun da can Colt suka yi wa tasu 9mm ɗin tiredi 1/2x36, don kada wani ya ɗauko na 5.56, ɗan'uwan .223, ya murɗa a kai. Daga baya ne kasuwa ta koma 1/2x28 saboda shi ne a kan yawancin fistol da salansa, wato abin rage ƙarar harbi, aka samu sauƙi ta wani gefe aka buɗe ƙofar tsautsayi ta wani gefen.

Nura Sabon Hannu:
Innalillahi, wallahi jikina ya yi sanyi. Na cire shi, na ɗora kan harsashin a ramin ko hancinsa bai gama shiga ba. Allah ya saka da alheri Baba

Baba Makeri:
Amin ɗana. Wannan gwajin da ka yi ka riƙe shi, duk ƙarfen da ya zo hannunka ko an rubuta 9mm a kwalin ka gwada kafin ka ɗaura.

Sadi Ɗan Gasa:
To alhamdulillah an tsallake wannan. Yanzu maganar tsallen ɗigo, ƙanena kwamfensata zaka sa, na 9mm na gaske mai ramuka a sama. Bambancinsu da burki shi ne burki yana da bangwaye a ciki da tagogi a gefe, iskar albarushi ta daki bangon ta ja bindigar gaba sai shurin ya ragu a kafaɗa, shi kuwa kwamf sama yake fesa iskar sai ya danne bakin ƙasa, yawancin na kasuwa ma haɗe suke biyun a ƙarfe ɗaya. Ka je kowace gasar USPSA ko IPSC ka leƙa layin masu PCC ka ƙirga nawa ne bakinsu ba komai, da ƙyar ka samu

Injiniya Bash:
Yaya Sadi ka yi haƙuri amma a nan kam an bar jaki ana dukan taiki. Burki da kwamf da iska suke aiki, to ina iskar? Harsashin 9mm albarushin cikinsa giren 4 zuwa 6 ne (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne), na .223 kuwa ya kai giren 24 zuwa 26, kaga ninki huɗu ko biyar kenan. Matsin 9mm a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar harsasai a Amurka, iyakarsa psi 35,000 ne, .223 kuma 55,000. Sannan albarushin fistol mai saurin ci ne, an yi shi ne don baril inci 4 ko 5, to ka sa shi a inci 16 tun harsashi bai yi rabin hanya ba ya gama ƙonewa, sauran tafiyar iskar sai faɗaɗa take tana sanyi, kafin ta iso baki ta zama numfashin tsoho. Wannan ɗan hucin ne zai danne bindigar kilo 3?

Sadi Ɗan Gasa:
Hhhh numfashin tsoho, bari Baba ya ji ka. Injiniya kai a takarda kake harbi ni a fili nake harbi, na cire nawa na harba na mayar na harba kuma na ga bambanci da idona

Injiniya Bash:
Ban ce baka ga bambanci ba, tambayar ita ce daga ina ya fito. Ka ɗaura ƙarfe giram 100 a can ƙarshen sanda mai tsawon santimita 40 dole bakin ya rage rawa ko da ba rami ko ɗaya a jikinsa. Nauyi ka saya ba iska ba

Baba Makeri:
Na ji shi sarai, zamu haɗu. Amma maganar gaskiya yaron yana da hujja. Nura, taka wace iri ce, mai kulle ce ko bulobak?

Nura Sabon Hannu:
Bulobak ce Baba, irin ƙirar AR ɗin nan mai cin magazin ɗin Glock

Baba Makeri:
To ga tsallenka nan. Irin wannan ba abinda ke kulle bayan harsashi lokacin da ya tashi, nauyin sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin baril ya tokare bayansa, da sifirin ne kawai ke riƙe kwanson har matsi ya sauka, shi ya sa dole a yi sakatar da nauyi sosai, ita da bafan da ke bayanta, wato ƙarfen nauyin da sifirin ke turawa, a haɗe sukan kai giram 600 zuwa 700. Wannan dunƙulen ƙarfen ya ruga baya ya daki ƙarshe, bindiga ta ɗaga, ya rugo gaba ya daki baril, bindiga ta dungura ƙasa. Abinda kake gani a ɗigonka kenan, sama sannan ƙasa. Duk wannan a bayan bindiga yake faruwa kusa da kumatunka, ƙarfen da ke can baki ba ruwansa. Shi ya sa mutane ke mamaki wai 9mm tana shuri fiye da .223 mai aiki da gas. Kamfanoni ma sun sani, Ruger a PC Carbine ɗinsu sun sa wani nauyi na tangstan mai motsi a cikin sakatar don ya kashe dukan, CMMG suka yi sakata mai ɗan juyawa kafin ta buɗe, MP5 tun shekarun 1960 da rola take jinkirta buɗewa, SIG MPX kuma da fistin na gas take aiki. Duk masu laushin nan daga ciki suka gyara.

Sadi Ɗan Gasa:
Baba ban musa ba, nima sai da na canja bafa da sifirin na rage tafiyar sakata kafin tawa ta kwanta. Amma a bar ni in faɗi nawa, kwamf yana aiki in ka ba shi abin aiki. A gasa ana son ƙarfin harsashi ya kai 125, wato nauyin harsashi a giren sau gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa a raba da 1000. Mai giren 147 gudun 851 ya ishe shi, albarushi kaɗan, shi kam ba zai motsa kwamf ba na yarda. Amma mai giren 115 sai ya kusa 1,090, kuma in aka cika shi da albarushi mai jinkirin ci iskar da ke isa baki ta fi yawa, a nan ne ramukan sama ke yin tasiri. Ba wai zai koma kamar na .223 ba, amma mu da muke rigima a kan ɗan tsagin daƙiƙa tsakanin harbi biyu ko kaɗan ne muna so

Injiniya Bash:
Wannan na karɓa. Kuma in baril ɗin gajere ne, inci 5 ko 8, lissafin ya canja gaba ɗaya don matsin bai gama sauka ba. Ni a kan inci 16 na Nura nake magana

Anti Hauwa:
Ku duka kun manta yaron ya ce a cikin gini yake harbi. Nura ni nake tsayawa a bayan masu harbi da agogo a hannu, na sha hucin burki har na gaji. A cikin gini kowa yana ɗan akurkinsa da allo a dama da hagu, ka sa mai tagogi a gefe duk ƙarar ta daki allon ta dawo maka a fuska, na kusa da kai kuma ya tsane ka bai san sunanka ba. Na 9mm bai kai na manyan bindigogi azaba ba amma ana ji. In don zaman lafiya ne gwangwanin nan ya fi, shi ramukansa duk gaba suke kallo, yana tattara hucin ya tura shi wajen allon saiti

Nura Sabon Hannu:
Anti wato gwangwanin yana rage ƙara kenan kamar salansa?

Anti Hauwa:
A'a ƙanena kar ka soma wannan tunanin. Ƙarar tana nan yadda take, alkibla kawai ya canja mata, kai da ke baya ka ji ta ɗan yi nisa shikenan. Harbin 9mm ya haura desibel 140 ɗin da ake cewa daga nan kunne ke fara lalacewa nan take, don haka abin toshe kunne dole, a cikin gini ma ni biyu nake sawa, na cusawa da na rufewa. Sannan tunda ka ce gasa, ga wani abu da ba a faɗa wa sababbi. Agogonmu da sauti yake kama harbi, PCC mai dogon baril da harsashi 147 da ma can ba ta da amo sosai, ka ƙara mata gwangwani sai in ta bin ka a guje ina miƙa agogo kusa da tagar kwanso don kada harbin ƙarshe ya kuɓuce, in ya kuɓuce kuwa lokacinka bai tabbata ba sai an maimaita zagayen. Rabin masu kwamf ɗin da Sadi ke ƙirgawa ina zargin don agogo ya ji su ne

Sadi Ɗan Gasa:
Kai Anti, yau kin tona mana asiri a gaban yara 😂 amma gsky akwai wannan

Mai Shiru:
Ni duk ina karanta ku ina murmushi. PCC fa don salansa aka halicce ta, duk sauran kwalliya ce. Harsashi 147 yawanci baya kai gudun sauti, wato wajen mita 343 a daƙiƙa, to babu wannan tsawar da harsashi ke yi in ya keta iska, sai ka ji tas tas da ƙarar sakata kawai. Nura in inda kake doka ta yarda kada ka ɓata tiredinka da komai, ka sa ɗan adafta mai kunne uku irin na MP5, ka danna salansa ka murɗa kaɗan ya kama, ka gama ka cire cikin daƙiƙa biyu

Admin Kawu:
Mai Shiru a riƙa haɗawa da maganar doka sosai dan Allah. Salansa a wasu ƙasashe kamar Nowe da Finlan abu ne na yau da kullum wurin mafarauta, a Amurka sai da rajista a ƙarƙashin dokar NFA kuma wasu jihohin sun hana gaba ɗaya, a wasu ƙasashen kuma mallakarsa kaɗai laifi ne babba. Har maɓoyin wuta, ƙarfen baki mai rage hasken harbi, da tiredin kansa akwai inda aka hana. Kowa ya bincika dokar inda yake kafin ya yi oda, kuma ba a koyar da haɗa na gida a wannan zauren, wanda ya kawo zan goge.

Mai Shiru:
Ranka ya daɗe ai da sharaɗin na fara. Bari in ƙara gaskiya ɗaya kar a ce na yi talla, a bulobak salansa yana da nasa ciwon kai, sakata tana buɗewa da wuri sai hayaƙi da ƙara su fito ta tagar kwanso dab da hancinka, ido ya yi ta ruwa, cikin bindiga ya yi baƙi ƙirin bayan magazin uku huɗu. Masu rola sun fi daɗi nesa ba kusa ba. Kuma salansan fistol yana zuwa da wani sifirin a gindi don baril ɗin fistol yana motsi, a doguwa mai kafaffen baril sai an cire sifirin an sa abin da zai kafe shi, in ba haka ba ya yi ta dukan tiredi

Ladan:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri na shigo tsakiya, maɓoyin wuta fa? irin kejin nan na A2, ba wanda ya ambace shi

Injiniya Bash:
Don ba wutar da zai ɓoye ne Malam Ladan, a inci 16 albarushin ya ƙone tun a ciki, ko da magariba ɗan jan haske kaɗan zaka gani. A gajeren baril yana da amfani. Amma ba laifi ba ne, mara nauyi ne, baya damun maƙwabci, yana kare bakin baril in ya bugi wani abu, kawai a tabbata na 9mm ne don shi ne ma aka fi rikitawa da na 5.56, kamarsu ɗaya sak daga waje

Ladan:
Na gane. Tawa gajera ce kuma bakin yana cikin mariƙin hannu ya shige ciki kamar inci ɗaya

Baba Makeri:
To kai Ladan ba ka da zaɓi, gwangwani ne naka, wanda zai leƙo waje. Duk mai rami a gefe ko a sama in yana ƙarƙashin mariƙi wuta zai fesa wa tafin hannunka, kuma ya yi ta cin alminiyon. Gajeren baril hannu yana kusa da baki ƙwarai, ka sa ɗan tokarin nan da ke hana hannu zamewa gaba. Kuma ka duba dokarku a kan tsawo, a Amurka misali doguwar bindiga mai baril ƙasa da inci 16 tana da nata rajistar daban, shi ya sa zaka ga mai inci 14.5 an ɗaura masa dogon ƙarfe an huda an sa fin an yi walda ya zama na dindindin don ya cike 16. Wanda zai yi haka ya zaɓa da kyau don ba a kwance shi da sufana.

Nura Sabon Hannu:
Kai na ƙaru wallahi. To in na samo na 9mm ɗin ni zan iya ɗaurawa ko sai na kai wa mai gyara?

Baba Makeri:
Zaka iya in kana da bais, matsen nan na kan teburin makeri, da haƙuri. Cire magazin, duba ɗakin harsashi da ido da yatsa, harsasai su bar teburin gaba ɗaya. Baril zaka kama a bais ba gangar jikin ba, in ka kama jiki ka murɗa da ƙarfi ɗan fin ɗin da ke saita baril ne zai sha wahala. Kwamf sai ramukansa sun kalli sama daidai, ana samun haka da wosha mai lotsewa ko siraran woshoshi da ake jerawa ko noti mai kullewa daga baya. Mai lotsewar sau ɗaya ake amfani da ita, kuma duk abinda salansa zai hau kansa ba a sa masa ita sam, don bata lotsewa daidai ta kowane gefe, ɗan karkacen da ido baya gani a gindi kafin ya kai ƙarshen salansa ya isa harsashi ya shafi bango. Gwangwani da murfi ba ruwansu da saiti, ka ɗaure kawai. Sannan ku masu bindigogin Turai ku lura, da yawa tiredinsu M13.5x1 ne na hagu, wani ya zo mini ya yi ta ja da sufana wai ya ƙi kwancewa ashe ɗaurewa yake ta yi. Na .45 kuma yawanci .578x28 ne, na .40 9/16x24, kowa ya karanta littafin bindigarsa kar ya yi kirdado.

Sadi Ɗan Gasa:
Ƙari a kan na Baba, in ka sa kwamf ka shirya wanki. Harsashin nan na yau da kullum mai rigar jan ƙarfe gindinsa a buɗe yake dalma a waje, zafi ya narkar da kaɗan kaɗan ta je ta manne a cikin ramukan ita da baƙin hayaƙi har su zama kamar siminti, ni na taɓa sakaci da nawa sai da na sa tsinken ƙarfe ina sassaƙa kamar mai haƙar rijiya. Mai rufaffen gindi ya fi tsabta. Dalma zalla kuwa kar ma ka fara

Anti Hauwa:
Kuma a sa safar hannu a wanke hannu bayan an gama, dalma guba ce. Haɗin ruwan nan da wasu ke yi a gida su jiƙa ƙarfe don ya narkar da ita, abinda ke fitowa ya fi dalmar kanta haɗari don yana shiga ta fata, a bar shi

Nura Sabon Hannu:
Jama'a na dawo da rahoto. Yau na je da murfin tiredin kawai, wani bawan Allah a layin kusa da ni ya ara mini kwamf ɗinsa na 9mm, na gwada kan harsashi a ramin tukuna kamar yadda Baba ya ce har yana mini dariya. Na harba magazin biyu babu, biyu da shi, duk da giren 115. Gaskiya ɗigon ya ɗan rage tsalle amma ba yadda na zata ba, dungurawar nan ta ƙasa tana nan daram, ƙara kuma ta ƙaru sosai har na ji a haƙorana. Abinda ya fi bani mamaki da na canja zuwa 147 ba tare da komai a baki ba sai naji ta fi laushi fiye da 115 da kwamf. Don haka inaga gwangwani zan saya saboda cikin gini, in fara duba maganar bafa da sifirin, kwamf kuma sai na fara gasa

Sadi Ɗan Gasa:
Ka ji ko Injiniya, YA RAGE tsalle, da bakinsa ya faɗa

Injiniya Bash:
Nura giram nawa ne kwamf ɗin da aka ara maka?

Nura Sabon Hannu:
Ban auna ba Yaya amma yana da ɗan nauyi kam, na ƙarfe ne ba alminiyon ba

Injiniya Bash:
Na gama magana 😌

Sadi Ɗan Gasa:
Baka gama ba, ranar Asabar zan naɗe ramukan nawa da siririn gwangwani in harba da agogo, nauyi ɗaya iska babu, sai mu ga na wa zai fito

Baba Makeri:
Sadi kar ka naɗe komai a bakin bindiga, zai tashi ya samu wani. In gwaji kake so ka kawo in yanka maka dunƙulen ƙarfe mai nauyi ɗaya da rami ɗaya a tsakiya. Nura kai kuma kafin ka taɓa bafa ka auna wanda ke ciki a sikeli ka turo mini da nauyin sakatar, kada ka rage nauyi da ka, in ya yi ƙasa da yawa kwanso yana fitowa tun matsi bai sauka ba ya fashe a tagar.

Nura Sabon Hannu:
To Baba, sikelin da ke hannuna na dijital ne ƙarami mai kai kilo 1, zai yi?

Baba Makeri:
Zai yi. Auna su daban daban, sakata da bafa, sifirin ba sai ka sa ba.